Wanda ya tsotsi harshe a nono, me zai koma nema a aji? Batun Inuktut a Nunavut

Har zuwa 'yan shekarun da suka wuce, idan likita a arewacin Kanada ya shaida wa wata tsohuwa 'yar Inuit, 'yan asalin wannan yanki mai ƙanƙara, cewa tana da ciwon daji, kalmar da tafinta zai isar mata cikin harshenta ma'anarta "ciwon da ba ya warkewa". Likita sunan cuta ya faɗa, amma abin da ya shiga kunnen tsohuwa hukuncin mutuwa ne. To wanda aka gaya wa ciwonsa ba shi da magani, me zai sa ya bar 'ya'ya da jikoki ya hau jirgin sama na awa uku daga Iqaluit, hedikwatar yankin Nunavut, zuwa Ottawa don a yi masa aiki? Sai da ƙungiyar matan Inuit da ake kira Pauktuutit ta tara dattawa da ma'aikatan lafiya da masana harshe aka yi ta zama, kafin aka tsayar da kalmar kagguti, wadda tushenta ke nuni da abin da aka ture daga tsarinsa na asali. A 2013 suka fitar da ƙamus na kalmomin da suka shafi cutar.

Tafintocin da suka shekara suna faɗin tsohuwar kalmar ba baƙin harshen ba ne. A nono suka tsotse shi. Da shi suke yi wa yara faɗa, da shi suke wasa da dariya, da shi suke ta'aziyya. Abin da ba su samu ba shi ne wanda ya taɓa zaunar da su ya horar da su yadda ake aikin asibiti da shi, ko aikin kotu, ko rubuta kasafin kuɗi. Wannan giɓin ne ya haifar da wani irin karatu a Nunavut da kan ba mutum mamaki idan ya fara jin labarinsa: ajin koyon Inuktut, harshen Inuit, da ba ya ɗaukar kowa sai wanda ya riga ya iya Inuktut sosai.

Nunavut yanki ne da aka yanko daga Yankunan Arewa maso Yamma na Kanada ranar 1 ga Afrilu 1999. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 2, wato ya ninka Najeriya sau biyu har da ɗoriya, amma ƙidayar 2021 mutum 36,858 ta samu a cikinsa. Garuruwa 25 ne, babu titin mota da ya haɗa wani da wani, sai jirgin sama, ko jirgin ruwa a ɗan lokacin da ƙanƙara ta narke. Kusan kashi 85 cikin ɗari na mutanen Inuit ne. Kalmar Inuktut kuwa laima ce da ta rufe dukkan karuruwan harshen, ciki har da Inuktitut da ake yi a gabas da tsakiya, da Inuinnaqtun na garuruwan yamma irin su Kugluktuk da Cambridge Bay. A duk Kanada, a nan ne kaɗai harshen 'yan asalin ƙasa yake harshen uwa ga mafi yawan jama'ar yanki guda. Sai dai rinjayen yana zaizayewa. A 2001 kashi 71.7 cikin ɗari na mutanen Nunavut ne suka ce Inuktut ne harshensu na farko, zuwa 2016 ya koma kashi 65.3.

Idan aka ga irin waɗannan alƙaluma, hankali yakan tafi kan yaran da ba su iya harshen ba, a ce a buɗe musu azuzuwa. Daidai ne. Amma wa zai koyar a azuzuwan? Wa zai rubuta littattafan? Yaron da ya koya, a wane ofishi zai tarar ana aiki da harshen har ya ga amfanin wahalarsa? Duk waɗannan tambayoyi amsarsu tana komawa kan babban mutum mai shekara talatin ko arba'in wanda harshen ke bakinsa, amma alƙalaminsa Turanci kawai ya sani.

Yadda aka yi alƙalamin ya zama haka ba ɓoyayyen abu ba ne. Zuwa shekarun 1950, yawancin Inuit na gabashin yankin a sansanonin farauta suke zaune, suna bin dabbobi daga wuri zuwa wuri. Daga nan gwamnatin tarayya ta tattaro su cikin garuruwa. Aka kwashi yara zuwa makarantun kwana, irin wadda ke Chesterfield Inlet da wadda aka buɗe a Churchill a 1964, inda Turanci ne harshen karatu, a wurare da dama ma ana hukunta yaro idan aka ji ya yi yarensa. A daidai wannan zamani jirgin ruwan gwamnati mai suna C.D. Howe yana kewaya gaɓar teku yana kwashe masu tarin fuka zuwa asibitocin kudu, wasu su shekara biyu ko uku, yara su dawo sun manta harshen iyayensu. Gwamnatin Kanada ta nemi gafara kan makarantun kwana a 2008, kan batun tarin fuka kuma a 2019. Neman gafara bai mayar da abin da ya tafi ba. Ko bayan an rufe makarantun kwanan, tsarin da ya zauna a garuruwa da yawa shi ne a fara wa yaro karatu da Inuktut zuwa aji uku ko huɗu na firamare, daga nan a juya shi zuwa Turanci. Sakamakon shi ne mutumin da Inuktut ɗinsa na baka ya girma tare da shi, amma na rubutu ya tsaya a inda ɗan shekara tara ya bar shi. Lissafi, kimiyya, tarihi, yadda ake rubuta wasiƙar aiki, duk da Turanci suka shiga kansa.

A takarda kuwa, Nunavut ba ta rasa dokoki ba. Yarjejeniyar ƙasa da Inuit suka sa wa hannu da gwamnatin Kanada a 1993, a sashe na 23, ta ce a kai yawan Inuit a aikin gwamnati daidai da yawansu a cikin jama'a, kuma a kowane mataki. Har yanzu adadin a gwamnatin yankin yana yawo ne a wajen rabi, kuma ya fi kauri a ƙananan kujeru. Ƙungiyar Nunavut Tunngavik, wadda ke kula da haƙƙin Inuit a ƙarƙashin yarjejeniyar, ta kai gwamnatin tarayya ƙara a 2006. Aka sasanta a 2015 kan dala miliyan 255.5 na Kanada, aka ware miliyan 175 daga ciki don horar da Inuit, aka kafa hukumar Makigiaqta ta riƙe kuɗin. A 2008 majalisar yankin ta zartar da dokar harsunan hukuma da kuma dokar kare harshen Inuit, wadda ta ba ma'aikacin gwamnati 'yancin yin aikinsa da Inuktut, ta kuma wajabta wa ofisoshi da kamfanoni su yi wa jama'a hidima da shi.

'Yanci a doka abu ɗaya ne, iya amfani da shi wani abu ne. Ma'aikaciyar da shugabanta ɗan kudu ne da ba ya jin ko gaisuwa, da wane harshe za ta rubuta masa rahoto? Ita kanta dokar harsunan hukuma ta tona asirin lamarin: dokokin Nunavut da Turanci da Faransanci ake yin su, su ne matanin da kotu ke dogara da shi, na Inuktitut kuwa ana samar da shi ne a matsayin fassara lokacin gabatar da ƙuduri. Majalisa mai mambobi 22, wadda ba ta da jam'iyyu, wadda mambobinta da yawa ke tashi su yi muhawara da Inuktitut, amma takardar da suke muhawara a kanta da wani harshe aka yi tunaninta. Haka abin yake a kusan kowace ma'aikata. Ana rubutawa da Turanci, a aika sashen fassara, a jira. Inuktut shi ne kullum mai zuwa daga baya.

To me ake koyarwa a irin wannan aji na ƙwararru? Abu na farko rubutu ne, kuma rubutun Inuktut yana da nasa tarihin mai sarƙaƙiya. Akwai rubutun gaɓa da ake kira qaniujaaqpait, wanda ɗan mishan James Evans ya ƙirƙira wa mutanen Cree, wata al'ummar 'yan asalin Kanada, wajen 1840, wasu 'yan mishan suka daidaita shi da Inuktitut, Edmund Peck kuma ya yaɗa shi daga 1876. Kowace alama gaɓa ce sukutum, kuma inda ta fuskanta shi ke nuna wasalin: ᐱ pi ne, ᐳ pu, ᐸ pa. Akwai kuma rubutun haruffan Rumawa, qaliujaaqpait, wanda mutanen yamma ke amfani da shi. Bahaushen da ya san zaman ajami da boko a gida ɗaya ba zai sha wahalar gane yadda mutane ke ƙulla zuciyarsu da rubutu ba. Ga tsofaffin gabas, rubutun gaɓa shi ne rubutun littafin addu'a da wasiƙun da aka riƙa aikowa daga asibitin tarin fuka. Ba a taɓa shi a zauna lafiya.

A 1976 Cibiyar Al'adun Inuit ta daidaita ƙa'idojin rubutun biyu yadda za a iya juya ɗaya zuwa ɗaya. A nan ne aka tsayar da rubuta ƙananan baƙaƙen ƙarshen gaɓa, da ɗigon da ke nuna dogon wasali, da bambanci tsakanin k da q, wanda ake furtawa daga can cikin maƙogwaro. Bambancin ba ado ba ne: qimmiq kare ne, kimmik kuwa diddige. Mutumin da ya iya magana ba ya taɓa rikita su a baki, kamar yadda Bahaushe ba ya rikita bari da ɓari. Amma a rubuce, wanda ba a koya masa ba sai ya yi ta sakin baƙaƙen ƙarshe yadda kakarsa ke yi, mai karatu ya cike da hankalinsa. A wasiƙar gida wannan ba komai. A takardar da ke bayanin yadda za a sha magani, matsala ce. Sannan a 2019 ƙungiyar Inuit ta ƙasa baki ɗaya, Inuit Tapiriit Kanatami, ta amince da rubutun Rumawa na bai ɗaya da zai iya ɗaukar kowane kari, domin littafin da aka buga a ɗaya daga yankunan Inuit huɗu na Kanada, wato Nunavik da Nunatsiavut da Nunavut da yankin Inuvialuit, ya karantu a sauran. Ba a soke na gaɓa ba. Ma'aikacin yau sai ya iya duka.

Abu na biyu shi ne nahawu, kuma a ganina nan ne zuciyar maganar take. Inuktut harshe ne da ke gina jimla guda cikin kalma guda. Ana ɗaukar saiwa a yi ta jera mata ɗafi, kowane ɗafi yana canza sautin na kusa da shi. Misalin da aka fi bayarwa shi ne qangatasuukkuvimmuuriaqalaaqtunga, wato "zai zama dole in je filin jirgin sama". A cikinta akwai tashi sama, da abin da ya saba yin hakan, da wurin da ake yi, da nufar wurin, da tilas, da lokaci mai zuwa, da ni mai magana. Ɗafe-ɗafen nan ɗaruruwa ne. Harshen yana kuma bambanta ɗaya da biyu da masu yawa: inuk mutum ɗaya, inuuk mutum biyu, inuit daga uku zuwa sama. Gwanin harshe shi ne wanda ya san ɗafin da zai nuna cewa abu ya faru a gabansa, ko labari ya ji, ko zato yake yi, ko an yi niyya ba a samu yi ba. Dattawa sukan koka cewa maganar matasa ta gajarce, sun koma jera guntayen kalmomi bisa tsarin jimlar Turanci, siffar biyu ma tana ɓacewa a bakin wasu.

Haɗarin da ke cikin aikin ofis shi ne ya ƙara wa wannan cuta ƙarfi maimakon ya magance ta. Mai fassarar da aka ba takarda mai shafi arba'in aka ce gobe ake so, bin Turancin zai yi layi layi. Abin da zai fito kalmomin Inuktut ne, amma ƙashin bayan na Turanci ne. Dattijo zai karanta ya ce bai gane ba, matashi mai harshe biyu kuma ya koma ga na Turancin domin ya fi masa sauƙi. An kashe kuɗi, an cika sharaɗin doka, ba wanda ya karanta. Duk wanda ya taɓa sauraren labaran da aka fassara cikin gaggawa ya san irin wannan magana, wadda kowace kalma a cikinta tamu ce amma jimlar baƙuwa ce. Kayan aro ba ya rufe katara. Shi ya sa horon da ya amsa sunansa ba ya tsayawa kan ƙara yawan masu fassara. Abin da yake nema shi ne jami'in da zai buɗe kwamfuta ya fara rubuta takardar manufa da Inuktut tun daga layin farko, in ya so wani ya juya ta zuwa Turanci don amfanin waɗanda ba su ji.

Abu na uku keɓaɓɓun kalmomi. A nan Inuktut yana da wata baiwa, domin harshen da ke gina kalma daga ɗafi ba ya rasa hanyar raɗa wa sabon abu suna. Kwamfuta qarasaujaq ce, "mai kama da ƙwaƙwalwa". Eva Aariak, wadda ta fara riƙe muƙamin kwamishinar harsuna kafin ta zama firimiyar yankin a 2008, ita ta zaɓa wa intanet sunan ikiaqqivik, daga tsohuwar fahimtar yadda boka ke ratsa hawa-hawan duniya don nemo amsa. Doka maligaq ce, abin da ake bi, majalisa kuma wurin da ake ƙera abin bi. Dokar kare harshen Inuit ta 2008 ta kafa hukuma ta musamman, Inuit Uqausinginnik Taiguusiliuqtiit, da aikin tsayar da irin waɗannan kalmomi da auna ƙwarewar ma'aikata. Sai dai raɗa suna a ɗakin taro a Iqaluit ba shi ne shigarsa bakin ma'aikaciyar asibiti a Gjoa Haven ba. Kalma ba ta rayuwa sai an koya wa masu aiki da ita, sun gwada ta a kan mutane, sun ga ko ta zauna.

Lissafi ma wani fage ne. Ƙirgan Inuit na gargajiya bisa ashirin-ashirin yake, yatsun hannu da na ƙafa, har kalmar biyar, tallimat, danginta ɗaya da kalmar hannu. Amma da yake a makaranta da Turanci aka koyi lissafi, sai ka ji mai magana yana zuba Inuktut tiryan-tiryan, da ya zo kan farashi ko kwanan wata ko lambar waya sai ya tsallaka Turanci. Akawun da zai gabatar da kasafin kuɗi a gaban majalisar gari, inda dattawa ke zaune, dole a koya masa faɗin miliyoyi da kaso cikin ɗari yadda za su shiga kunne.

Kotu ta fi ko'ina tsanani. Kotun Nunavut yawo take yi. Alƙali da lauyoyi da tafintoci su hau jirgi su sauka a gari, a yi zama a zauren taro ko ɗakin wasannin makaranta, a gama a tashi. Tun ƙarshen shekarun 1980 doka ta yarda wanda ba ya jin Turanci ko Faransanci ya zauna cikin ayarin mutanen gari da ke yanke hukunci kan mai laifi. Wannan ci gaba ne, amma nauyinsa a wuyan tafinta yake. Ɗauki tambayar farko da ake yi wa wanda ake tuhuma, ko ya amsa laifi ko bai amsa ba. A tsarin shari'ar Kanada, cewa "ban amsa ba" ba ya nufin "ban aikata ba", yana nufin "ku kawo hujja". Idan tafinta ya juya tambayar ta koma "ka yi ko ba ka yi ba?", mutumin da aka rene shi a kan cewa ƙarya abin kunya ce zai ce ya yi, ko da kuwa yana da kariyar da doka ta tanadar masa. Iya harshe kaɗai ba ya tsamar da tafinta daga wannan rami. Sai ya san shari'ar, ya kuma san yadda mutanensa ke ɗaukar laifi da gyara.

A asibiti kuwa, ofishin kwamishinar harsuna ya binciki babban asibitin Qikiqtani da ke Iqaluit, ya fitar da rahoto a tsakiyar shekarun 2010 wanda takensa kansa ya ce idan ba ka iya magana da majinyacinka ba, to majinyacin yana cikin haɗari. A ƙananan cibiyoyin lafiya na garuruwa, sau da yawa magatakardan da ke karɓar kati shi ne tafinta. Wani lokaci ɗan rakiya ne, jika ko 'ya, ake sa wa ya gaya wa tsoho abin da likita ya gani a hoton ƙirjinsa.

Sai rigimar kari. "Na gode" kaɗai ta isa misali: qujannamiik a arewacin tsibirin Baffin, nakurmiik a kudancinsa da Nunavik, ma'na a Kivalliq, quana a wurin masu Inuinnaqtun. Inuktut na Kanada ba shi da karin da kowa ya sallama wa a matsayin na rubutu. Da yake Iqaluit ce hedikwata kuma masu fassara da yawa 'yan Baffin ne, mutanen Kivalliq da Kitikmeot, sauran shiyyoyin Nunavut biyu, sukan ji kamar ana shigo musu da karin wasu ta ƙofar baya. Malamin ajin ƙwararru yana tafiya ne a kan siraɗi. In ya ce kowa ya rubuta yadda garinsu ke faɗa, ba za a samu takardar da za ta karantu ko'ina ba. In ya tilasta kari ɗaya, ya maimaita wa ɗalibansa abin da makarantar kwana ta yi wa iyayensu, wato a ce maka yadda uwarka ke magana kuskure ne. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a horar da kunne da ido su saba da karuruwa da yawa, mutum ya riƙe nasa ya kuma san na maƙwabta.

Cikin masu wannan aiki, cibiyar Pirurvik da ke Iqaluit ta yi fice. Leena Evic na cikin waɗanda suka kafa ta a 2003, kuma ita cibiyar ce ta yi aikin mayar da manhajojin Microsoft zuwa Inuktitut, ta kuma buɗe shafin koyon harshe na Tusaalanga. Ta raba karatunta gida uku, kuma rabon kansa yana nuna an fahimci matsalar. Aurniarvik na Inuit ne da harshen ya kuɓuce musu suke son dawo da shi. Qimattuvik na waɗanda suka iya ne suke son ƙarfin yin aiki da shi. Aqqusiurvik kuma na masu shirin zama malaman harshen. Takardun shaidar da haɗin gwiwar Jami'ar Victoria ake bayar da su. Kwalejin Arctic ta Nunavut ita ma ta daɗe tana horar da tafintoci da masu fassara, shirin horar da malaman makaranta da ke ƙarƙashinta kuwa ya fara tun 1979. Raba ajin masu iyawa da na masu koyo ba ƙaramin abu ba ne. Idan aka gwama su, mai iyawa yakan zama mataimakin malami, ya gama shekara bai ƙaru da komai ba.

A irin wannan aji, dattijo shi ne ɗakin karatu. Waɗanda ake kira inummariit, mutanen da aka haifa a sansani suka girma kafin zaman gari, su ke riƙe da kalmomin ƙanƙarar teku da iska da sassan jikin dabba da ɗinkin fata da dangantaka, da kuma salon magana na sasanta rikici. Wani zai ce me ya haɗa sunayen sassan jikin dabbar ruwa da aikin ofis? Mafaraucin da ya fede dabba dubu ya san sunan kowace jijiya da kowane ɓangare na hanji, kuma daga wannan rumbu ake ɗebo kalmomin tiyata. Gwamnatin Nunavut ta ce tana tafiyar da aiki bisa Inuit Qaujimajatuqangit, ilimin Inuit na tun fil azal, da ginshiƙai irin su aajiiqatigiinniq, yanke shawara ta hanyar tattaunawa har a daidaita, da piliriqatigiinniq, aiki tare. Waɗannan kalmomi suna rataye a bangon ofisoshi. Wanda bai zauna da masu su ya ji yadda ake sarrafa su a magana ba, a bango za su tsaya masa.

Cikas ɗin ba na ilimi ba ne kawai. Mutumin da ya iya harshe biyu da kyau a Nunavut kowa nemansa yake: gwamnati, ƙungiyoyin Inuit, kamfanonin haƙar ma'adinai, gidan rediyo. In aka ɗauke shi shekara guda ya tafi karatu, kujerarsa ba mai zama, kuma wataƙila shi kaɗai ne a ofishin da tsofaffi ke iya yi wa bayani. In daga wani gari zai zo Iqaluit, ina zai sauka da iyalinsa a birnin da ƙarancin gidaje ya yi wa katutu? In ya gama, malamin makarantar da aka horar sai wata ma'aikata ta ɗauke shi da albashi mafi tsoka da aiki mafi sauƙi. Gwamnatin yankin ta fito da alawus na harshe mai hawa uku, dala 1,500 a shekara ga mai iya magana, 2,400 ga mai haɗawa da karatu da rubutu, 5,000 ga gwani. Tsarin ya amsa cewa iyawa hawa-hawa ce, wannan kuwa daidai ne. Amma a ƙasar da kayan miya ke zuwa ta jirgin sama, kuɗin bai taka kara ya karya ba, balle a kan aikin da mai harshe biyu ke yi a ɓoye: a kira shi daga teburinsa ya yi tafinta, a miƙo masa sanarwa ya duba, duk ba a cikin aikin da aka ɗauke shi ba.

Wasu na ganin na'ura za ta rage nauyin. Microsoft ta sa Inuktitut cikin manhajar fassararta a 2021, Google ta bi baya a 2024. Babban abin da aka ciyar da irin waɗannan na'urori shi ne kundin muhawarar majalisar Nunavut, jimloli kusan miliyan 1.3 da aka jera Turanci da Inuktitut gefe da gefe. Kundin kuwa aikin masu fassara ne, da kyawunsa da gaggawarsa. Na'ura abin da aka ba ta take mayarwa, ba ta san inda mai fassara ya gaji ya bi Turanci ba. Ƙaruwar rubutun na'ura ƙaruwar buƙatar mai dubawa ce, wanda zai kalli jimla ya ce nahawunta daidai ne amma ba haka ake faɗa ba.

Tsallaken ruwa kaɗan akwai Girinlan, inda 'yan'uwansu ke magana da Kalaallisut. Can an fara buga jarida da harshen tun 1861, an gyara ƙa'idar rubutu a 1973, akwai jami'a a Nuuk, kuma tun 2009 shi ne harshen hukuma. Duk da haka harshen Danmak bai saki manyan ofisoshi da karatun gaba da sakandare ba. Idan mai jarida ta shekara 160 yana wannan fama, ana iya kwatanta tsawon tafiyar da ke gaban Nunavut, wadda jami'ar Inuit ta farko a Kanada ma sai 2030 ake fatan buɗe ta.

Dokar ilimi ta 2008 ta yi alƙawarin karatu da harshe biyu tun daga rainon yara har aji 12 kafin shekarar karatu ta 2019 zuwa 2020. Tun a 2013 babban mai binciken kuɗi na Kanada ya ce ba a kan hanyar cikawa ake ba, babban dalili kuwa rashin malamai masu iya koyarwa da Inuktut. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ranar ta zo gorar ba ta fafu ba. A 2020 majalisa ta gyara dokar, ta mayar da wa'adin manyan azuzuwa zuwa 2039, kuma abin da aka yi alƙawari yanzu darasin harshen ne, ba koyar da sauran darussa da shi ba. Nunavut Tunngavik, a ƙarƙashin shugabarta ta lokacin Aluki Kotierk, ta kai gwamnatin yankin kotu a 2021 tana cewa wannan nuna bambanci ne ga 'ya'yan Inuit. Gwamnati ta ce ba ta da malaman. Malaman kuwa ba za su fito daga ko'ina ba sai daga cikin manyan da harshen ke bakinsu yau, bayan sun zauna gaban dattawa an gyara musu alƙalami. Dattijon da aka haifa a sansanin farauta a 1945, wanda ya yi wayo kafin a kai shi gari, a 2039 shekararsa 94.